Yadda ake wuce da burodkas daga sabnet zuwa wani sabnet a kan suwic

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau, kana kula da cibiyar rubuta jarabawa ta kwamfuta ne, da can komai yana sabnet ɗaya, wato rukunin adireshin IP guda, sai ka raba shi zuwa VLAN, wato ɓangarorin netwok da ake yankawa a cikin suwic, sabar da kwamfutocin ofis suna VLAN 10 a 192.168.10.0/24, zauren ɗalibai yana VLAN 20 a 192.168.20.0/24, kyamarori kuma ka kai su VLAN 30, kana da suwic ɗin Cisco 3560 a tsakiya da 2960 a cikin zaure. Tun da ka raba, kwamfutocin zaure suka daina samun IP, manhajar da kake tada su da ita da safe ta daina aiki, ta neman kyamara ma ba ta ganin komai, shine kake tambaya wane umarni zaka sa wa suwic ɗin ya riƙa wuce da burodkas, wato saƙon da ake aika wa kowa da kowa, tsakanin sabnet ɗin duka.

Toh gaskiya babu umarni ɗaya da yake yin wannan, kuma ko da akwai ba zan ba ka shawarar ka sa shi ba, domin tare burodkas ɗin shine ainihin dalilin da yasa ake raba netwok tun farko. Matsalolin nan uku da ka lissafo kowacce maganinta daban, ɗaya daga ciki ma ba burodkas ba ce sam. Abin da ake yi shine a gano wane irin saƙo ne yake so ya tsallaka, daga wa, zuwa ina, sai a buɗe masa ƴar ƙofa daidai girmansa a bar sauran a rufe.

Burodkas kamar mai shela ne a unguwa, in ya ɗaga murya kowane gida na unguwar zai ji ko abin ya shafe shi ko bai shafe shi ba, amma muryar ba ta kai unguwar gaba sai an tura ɗan aike takanas. MAC shine adireshin da ke jikin katin netwok. Suwic in ya ga saƙo mai adireshin MAC FF:FF:FF:FF:FF:FF yana watsa shi duk ramukan da ke cikin VLAN ɗin da ya shigo, shikenan, ba ya duba IP ko kaɗan. Ka lura da wannan da kyau, iyakar burodkas VLAN ce ba lambar sabnet ba, in ka zuba sabnet biyu a VLAN ɗaya duk abin da aka aika wa 255.255.255.255 kowa zai same shi. Wanda yake tsakanin VLAN da VLAN kuma rauta ne, ko suwic mai leya 3 irin 3560 ɗinka wanda yake aikin rauta a cikinsa, kuma ƙa'ida ce rauta ba ya wuce da 255.255.255.255 ko'ina. Saboda haka kusan duk saitin da zamu yi a kan 3560 ne, 2960 ɗin zaure babu ruwansa banda ya zama VLAN 20 tana bin tirank ɗin da ya haɗa su, wato layin da ke ɗauke da VLAN da yawa tsakanin suwic biyun.

Kafin komai ka tabbatar ka sa `ip routing` a 3560, domin a kashe yake zuwa, kuma daga kwamfuta mai IP ɗin da ka sa da hannu a VLAN 20 kana iya fing ɗin sabar a 192.168.10.5, wato ka buga `ping` ka ga tana amsawa. In wannan bai yi ba kar ka ɓata lokacinka a kan sauran.

Maganar samun IP ita ce mafi sauƙi. Kwamfuta in ta tashi ba ta da adireshi kuma ba ta san inda sabar take ba, sai ta aika saƙon neman adireshi, wato DHCP Discover, daga 0.0.0.0 fot 68 zuwa 255.255.255.255 fot 67, saƙon ya zagaye VLAN 20 ya mutu a nan, in ta gaji da jira Windows ta ba kanta 169.254 wani abu, ina da yaƙinin shi kake gani yanzu in ka buga ipconfig. Magani layi ɗaya ne:

interface Vlan20
 ip address 192.168.20.1 255.255.255.0
 ip helper-address 192.168.10.5

Inda mutane da yawa suke kuskure shine wajen da suke sa shi, helfa, wato layin `ip helper-address` ɗin nan, yana zama ne a ɓangaren masu nema, wato inda burodkas ɗin yake shigowa, ba ɓangaren sabar ba. Abin da suwic yake yi, ya ɗauki saƙon ya rubuta adireshinsa na 192.168.20.1 a wani fili da ake kira giaddr, sannan ya aika wa sabar kai tsaye kamar saƙon mutum ɗaya, sabar ta duba giaddr ta gane cewa mai neman nan daga sabnet 20 yake ta ba shi adireshi daga rukunin 20. Kaga kenan ba burodkas ɗin aka wuce da shi ba, canza masa kama aka yi. Daga nan zaka gane abubuwa biyu da dole su kasance, sabar tana da rukunin adireshi na 192.168.20.0 wanda getwe ɗinsa, wato ƙofar fita daga sabnet ɗin, 192.168.20.1 ne, kuma ita kanta sabar getwe ɗinta 192.168.10.1 ne ko tana da hanyar komawa sabnet 20, in ba haka ba tambaya zata iso amsa ta rasa hanyar komawa. Na sha ganin sabar da getwe ɗinta rautan intanet ne, shi kuma bai san da zaman sabnet 20 ba, a yini ana zargin suwic alhali shi ya gama nasa aikin.

Akwai wani tarko kuma in ka kunna DHCP snooping a 2960, wato saitin da ke hana raba adireshi daga ramin da ba a amince da shi ba, wanda abu ne mai kyau a cibiya irin taku saboda wani zai iya jona ƙaramin rautan gida ya fara raba adireshin bogi. Snooping yana liƙa wani ƙarin bayani da ake kira option 82 a saƙon ya bar giaddr a 0.0.0.0, shi kuma 3560 in ya ga haka sai ya yar da saƙon. Ko dai ka sa `no ip dhcp snooping information option` a 2960, ko `ip dhcp relay information trusted` a kan Vlan20 na 3560, kuma kar ka manta ramin tirank ɗin da ya nufi 3560 ya zama `ip dhcp snooping trust`. In kuna zuba Windows ta netwok da PXE kuma sabar ɗin daban ce, ka ƙara layin helfa na biyu da adireshinta, suwic zai aika wa kowacce kwafi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, a Cisco wannan helfa ɗin ba DHCP kaɗai yake ɗauka ba. Da ka sa shi yana kwasar burodkas na UDP fot 37, 49, 53, 67, 68, 69, 137 da 138, wato har da TFTP da DNS da NetBIOS. 137 da 138 ɗin nan kwamfutocin Windows ba sa gajiya da surutu a kansu, zaure guda cike da kwamfutoci duk surutunsu zai riƙa bi ta kan furosesan suwic ya sauka kan sabar ba gaira ba dalili. Ni dai duk inda na sa helfa sai na bi shi da:

no ip forward-protocol udp 137
no ip forward-protocol udp 138

haka 37 da 49 in ba a amfani da su. Wannan umarnin na suwic ɗin gaba ɗaya ne ba na VLAN ɗaya ba, ka riƙe wannan domin zai dawo mana.

Yanzu maganar tada kwamfutoci, a nan ne ainihin aikin yake. Wake-on-LAN yana aiki da wani ɗan saƙo mai bayit 102, FF sau shida sannan adireshin MAC na kwamfutar da ake so ta tashi sau 16, galibi ana saka shi cikin UDP fot 9 ko 7. Kwamfutar a kashe take, ba ta da IP, ba ta amsa ARP, wato tambayar da ake yi don sanin MAC ɗin mai wani IP, katin netwok ɗinta ne kawai yake da ƴar wuta yana sauraron ko zai ga MAC ɗinsa an jera sau 16. Shi yasa ake aika shi a burodkas, babu wata hanyar da za a nuna ta. Wasu zasu ce maka ai ka aika wa tsohon IP ɗin kwamfutar kai tsaye, kuma in ka gwada bayan ka kashe ta da minti goma zai yi aiki ka ɗauka ka gama, amma Cisco yana riƙe ARP awa 4 ne a saitin asali, ka kashe ƙarfe shida na yamma ka zo da asuba suwic ya manta MAC ɗin, ya tambaya babu mai amsawa, ya yar da saƙon.

Hanyar da ta dace ita ce burodkas mai adireshi, wato na sabnet takamaimai, a naka 192.168.20.255. Shi wannan yana tafiya kamar kowane saƙo daga rauta zuwa rauta, sai ya iso rautan ƙarshe da ke riƙe da sabnet ɗin sannan a fasa shi ya zama burodkas. Amma a kashe yake zuwa, kuma akwai dalili mai ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1990 an yi fama da harin da ake kira smurf, maharin zai aika fing zuwa adireshin burodkas na wani babban netwok amma ya rubuta adireshin wanda yake so ya cutar a matsayin mai aikowa, sai duk kwamfutocin netwok ɗin su amsa wa bawan Allah lokaci guda har layinsa ya toshe. Saboda haka a 1999 aka fitar da RFC 2644 da ya ce dole rauta ya zo da abin a kashe, Cisco ma tun daga IOS 12.0 haka yake zuwa. Don Allah kar ka kunna shi tsirara, a wurin da ɗaruruwan matasa suke zama gaban kwamfuta ba a barin irin wannan ƙofar a buɗe wa kowa. Ka ɗaure shi da jerin izini:

access-list 101 permit udp host 192.168.10.5 any eq 9
interface Vlan20
 ip directed-broadcast 101

Ka ga wannan karon a ɓangaren da saƙon zai fita aka sa shi, wato Vlan20 inda kwamfutocin suke kwance, kuma ma'anarsa sabar 192.168.10.5 kaɗai, UDP fot 9 kaɗai, aka yarda a fasa wa saƙo a cikin zaure. In ka duba saitin daga baya zaka ga 9 ta koma discard, 7 kuma echo, ba matsala sunayensu kenan.

In manhajar taka tana da wajen rubuta inda za a aika, ka sa 192.168.20.255 da fot 9 shikenan ka gama, babu buƙatar helfa ko kaɗan, kuma ita ce hanyar da na fi so domin ta fi tsafta. A Linux misali `wakeonlan -i 192.168.20.255 -p 9` sai MAC ɗin. Amma akwai manhajojin da ba su san komai ba sai 255.255.255.255, to su sai an ƙara musu:

ip forward-protocol udp 9
interface Vlan10
 ip helper-address 192.168.20.255

wato suwic ya ji burodkas na fot 9 a VLAN 10, ya mayar da shi zuwa 192.168.20.255, sannan Vlan20 ta duba jerin izini ta sake shi. Ka tuna na ce jerin fot ɗin na suwic ne gaba ɗaya, to wannan helfa na Vlan10 zai yi ƙoƙarin kwasar duk sauran fot ɗin da ba ka kashe ba zuwa zaure, jerin izini na 101 ne yake tare su, haka kuma helfa na Vlan20 zai fara kai wa sabar duk burodkas na fot 9 da aka yi a zaure, wannan ba ya cutarwa amma gara ka sani. Sannan ka lissafa adireshin burodkas ɗinka da kyau, /24 adireshi 254 kawai yake ɗauka, in zauren ya cika ka faɗaɗa zuwa 192.168.20.0/23 to burodkas ɗin ya koma 192.168.21.255, shi kuma 20.255 ya zama adireshin kwamfuta na yau da kullum.

Bayan duk wannan zai iya yiwuwa saƙon yana isa amma kwamfutar ta ƙi tashi, kuma a wajenmu babban dalilin wuta ne. Kwamfutoci da yawa in aka ɗauke wuta gaba ɗaya aka dawo da ita, katin netwok ɗinsu ba ya komawa sauraro sai an kunna su sau ɗaya an kashe yadda ya kamata. Cibiyar da ake kashe janareta da yamma a tada shi da safe kullum a wannan halin take. Ka je bayan kwamfutar da take kashe ka duba ramin kebul, in ƴar fitilar nan ba ta ci to babu saitin suwic ɗin da zai tada ta. A BIOS ka kunna Wake on LAN, ka kashe Deep Sleep ko ErP domin su ne suke yanke wa katin wuta, a Windows kuma ka kashe Fast Startup. Kuma in gaskiya za a bi, in dai kullum da safe ake ba zauren wuta, saitin BIOS da yake cewa kwamfuta ta tashi da kanta in wuta ta dawo zai fi maka sauƙi, sai dai ka yi tunanin nauyin da zai hau janareta in duk suka tashi a daƙiƙa ɗaya, gara a riƙa ɗaga burekar layi bayan layi.

Kyamarori kuma ba burodkas ba ne, shi yasa duk helfan da zaka sa ba zai taɓa su ba. Neman kyamara ta ONVIF, wato ƙa'idar da kyamarorin kamfanoni daban-daban suke bi, malitikas ne, saƙon da ake aika wa rukunin masu sauraro kawai, zuwa 239.255.255.250 fot 3702, manhajojin kamfanonin ma yawanci irin wannan hanyar suke bi, kuma an tsara su ne su tsaya a cikin sabnet ɗinsu. Ana iya kunna rautin na malitikas da PIM amma sau da yawa TTL ɗin saƙon, wato lambar da ke iyakance yawan rautan da zai tsallaka, ƙarami ne, yana isa rauta ya ƙare, ka sha wahala a banza. Neman nan sau ɗaya ake buƙatarsa, ranar da ake ba kyamara adireshi. Ka ɗauki laftof ka jona a ramin VLAN 30, Hikvision sabuwa tana zuwa da 192.168.1.64, Dahua 192.168.1.108, ka ba kowacce adireshi na dindindin a sabnet 30 tare da getwe 192.168.30.1, wannan getwe ɗin shi ake yawan mantawa, sannan a na'urar ɗaukar hoto ko manhajar ofis ka ƙara su da IP da hannu. Fot 8000 na Hikvision, 37777 na Dahua, 554 na bidiyon, duk saƙon kai tsaye ne, suna tsallaka sabnet lafiya lau.

Firinta ma haka, in ta ɓace daga waya ko laftof to hanyar da suke neman ta ce, wato mDNS a 224.0.0.251 fot 5353, kuma duk abin da ke 224.0.0.x rauta ba ya wuce da shi ko ka kunna malitikas. Ka ƙara ta da IP kawai, in kuma dole sai wayoyi sun ganta da kansu, ƙaramar na'ura mai Linux da ke da ƙafa a VLAN biyun da manhajar Avahi a kanta, ka sa enable-reflector=yes, ta wadatar.

Ga wanda nasa ba Cisco ba ne, a Aruba ko tsoffin HP ProCurve `ip helper-address` DHCP kawai yake ɗauka, sauran sai ka kunna `ip udp-bcast-forward` sannan a cikin VLAN ɗin ka sa `ip forward-protocol udp` da adireshi da fot. MikroTik da ya cika ko'ina a wajenmu yana da `/ip dhcp-relay`, kuma maganar tada kwamfuta ya fi sauƙi ka bar shi ya aika da kansa da `/tool wol` ka faɗa masa MAC da intafes, tunda yana da ƙafa a sabnet ɗin.

Abin da nake roƙonka kar ka yi shine ka ɗauki kebul ka haɗa ramin VLAN 10 da na VLAN 20, na san zai yi kamar ya magance komai nan take, amma ka rushe rabon da ka yi kenan, sabar jarabawa ta koma fili ɗaya da ɗalibai, ga haɗarin saƙo ya riƙa zagaye ba iyaka har netwok ya tsaya cak ana tsakiyar jarabawa. Kuma ka sani duk saƙon da helfa ya ɗauka ko aka fasa a Vlan20 furosesan suwic ne yake sarrafa shi ba cif ɗin da ke tura saƙo da gudu ba, furosesan 3560 kuwa ba wani mai ƙarfi ba ne, don haka in wata manhaja tana zuba burodkas ba ƙaƙƙautawa kar ka wuce da fot ɗinta, ka riƙa leƙa `show processes cpu sorted` bayan kowane canji. In nan gaba kuka sa suwic biyu a tsakiya da HSRP, wato ɗaya ya karɓi aiki in ɗayan ya faɗi, kowanne zai aika nasa kwafin, DHCP ya saba da haka, amma helfa mai nuna adireshin burodkas ta ɓangarorin biyu a kan na'ura biyu zai iya sa saƙo ya riƙa kai da komowa tsakaninsu, ɓangare ɗaya kawai ake sa shi.

Wajen gwaji, `show ip interface vlan 20` zai nuna maka layin Helper address da layin Directed broadcast forwarding, ka tabbatar na biyun ya ce enabled tare da lambar 101. Sannan ka sa Wireshark a laftof ɗaya a cikin zaure, ka tace da `udp.port == 9`, ka aika daga sabar. In saƙon ya bayyana to netwok ya yi nasa, sauran BIOS ne da wuta. In bai bayyana ba ka koma kan sabar ka kama a can, ka duba wane fot manhajar take amfani da shi da gaske domin wasu 7 suke aikawa ko wata lamba daban, kuma ka duba ta wane kati yake fita in sabar tana da kati biyu, domin in adireshin mai aikowa ba 192.168.10.5 ba ne jerin izininka zai yar da shi shiru ba tare da ya faɗa maka ba. Na DHCP kuma ka tace da `dhcp` a kan sabar, in ka ga Discover yana shigowa da giaddr 192.168.20.1 amma babu Offer to rukunin adireshi ne babu ko fayawol ɗin sabar, in akwai Offer amma kwamfuta ba ta samu ba to hanyar komawa ce ko snooping. Da komai ya zauna ka buga `write memory` kafin ka tashi daga wajen, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko zata tafi da aikin duka.